Fili, lambatu da rasit: yadda unguwa za ta bi sawun kuɗinta a hannun gwamnati

A sashen tara kuɗin shiga na wata ƙaramar hukuma na yi aiki har na yi ritaya. Yanzu ni ne sakataren ƙungiyar cigaban unguwarmu a nan Kano, wato na taso daga bayan tebur na dawo gabansa, ina rungume da fayil a kan benci kamar kowa. Zaman wuraren biyu ya nuna mini abin da ke tayar wa ofis hankali. In ka kira gidan rediyo ka zazzaga faɗa, ma'aikata za su saurare ka a mota, su yi dariya, washegari an wuce wurin. Takarda mai kwanan wata kuwa, wadda aka doka wa hatimin karɓa, akwai wanda za a tambaya da sunansa in ta ɓace, shi ya sa ba ya son ta kwana a teburinsa.

Ƙorafi uku mutane suka fi kawo mana: an sayar da filin gwamnati, ruwa ya ci gidaje, an kawo takardar haraji. Kowa ɗaiɗai yake kawo nasa, alhali a garuruwanmu sau da yawa magana ɗaya ce. Kududdufin da ke shanye ruwan unguwa tun zamanin kakanni aka cike da shara, aka yanka filotai, aka ɗora shaguna. Damina ta zo, ruwa ya nemi gidansa bai samu ba, ya shiga namu. Sai kuma a turo yara da takarda a ce mu biya harajin gida don a yi mana magudanai. 'Yan Kantin Kwari ba za su manta da Agustan 2022 ba, lokacin da ruwa ya shiga kasuwar ya jiƙa atamfofi da shaddodi na maƙudan kuɗi, kuma abin da bakin kowa ya kama shi ne gine-ginen da aka yi a kan hanyar ruwa. Wanda ya sayi fili a cikin kududdufi, shi dai ya sayi rariya, ya san za ta zubar da ruwa. Maƙwabcinsa da bai sayi komai ba fa?

Ga yadda muke bin abin.

Ku tsayar da abu ɗaya, ku san na waye

Kada ku ce za ku binciki gwamnati. Ku ce za ku binciki kwalbatin da ke bakin makarantar firamare, ko filin da ke bayan asibitin sha-ka-tafi. Ku sayi littafi mai kauri, mutum ɗaya ya riƙe shi. A rubuta ranar da aka fara zuba yashi, lambar motar da ta kawo bulo, abin da ke jikin allon kwangila in an kafa. A ɗauki hoto da waya daga wuri ɗaya kowane mako. Ku zauna da dattawa da mai unguwa su faɗa muku inda ruwa ke bi a da, a zana a takarda ko da zanen bai yi kyau ba. In akwai yaro mai kwamfuta, manhajar Google Earth tana nuna tsofaffin hotunan sama na shekarun baya, za ku ga kududdufin yana tsukewa shekara bayan shekara har ya zama rufin kwano. Na ga jami'in da ya rantse wurin bai taɓa zama hanyar ruwa ba, da aka ajiye masa hotuna biyu gefe da gefe sai ya koma gyara zaman hularsa.

Daga nan sai a gano mai abin, don rabin wahalar mutane kai kuka ne ƙofar da ba ita ba. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, kuma shi ke ba da shaidar mallaka a cikin birane, saboda haka maganar fili ta ma'aikatar ƙasa ce da hukumar tsara birni. Manyan madatsun ruwa yawanci hukumomin raya koguna na tarayya ke kula da su: Tiga da Challawa suna ƙarƙashin ta Haɗeja da Jama'are, Alau tana ƙarƙashin ta yankin Tafkin Chadi. Lambatun cikin unguwa da kwashe shara kuwa, jadawali na huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya lissafa su cikin ayyukan ƙaramar hukuma. A wannan jadawalin dai aka ba ta aikin ƙiyasta gidaje don karɓar harajinsu. Ku riƙe wannan da kyau: shafin da ya ba ciyaman damar karɓa shi ne ya ɗora masa yashe kwata.

Takardar neman bayani

Makaminmu shi ne Dokar 'Yancin Samun Bayanai, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a watan Mayun 2011. Ta ce kowa na da ikon neman takardun da ke hannun hukuma, kuma ba sai ya faɗi dalilinsa ba. Hukuma na da kwana 7 ta ba da amsa, tana iya ƙara wasu 7 in takardun na da yawa, in kuma za ta hana sai ta rubuto dalili da sashen da ta dogara da shi. Kuɗin da za a caje ka na kwafi ne kawai. Wanda bai iya rubutu ba yana iya sa wani ya nema a madadinsa. Shekara da shekaru jihohi suna fakewa da cewa dokar ta tarayya ce, ba ta hau kansu ba. A Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta raba gardama a wata shari'a da ta taso daga Jihar Edo, ta ce ta hau kan jihohi ma. Ku ambaci wannan a takardarku, don har yanzu akwai masu karanto tsohon karatu.

Mu da Hausa muke tsara tamu a zaure, sai wani malamin sakandare ya mayar da ita Turanci. Gajeriya ce, shafi ɗaya. Bayan adireshi da gaisuwa, ga irin abin da take cewa:

"Bisa Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, muna neman kwafin waɗannan takardu game da filin da ke wuri kaza: takardar ƙiyasin darajarsa, sanarwar da aka buga ta sayarwa, sunan wanda aka ba da ranar da aka ba shi, da shaidar biyan kuɗi cikin asusun gwamnati."

Kun ga babu "me ya sa" a ciki. In ka tambayi dalili, za a rubuto maka shafi biyu na zaƙin baki a kan ƙudurin gwamnati na ciyar da jiha gaba. In ka nemi kwafin takarda, ko dai akwai ta ko babu, kuma duka biyun amsa ce. Kada a sa zagi, kada a sa kalmar sata, kada a haɗa tambaya ashirin. Huɗu ko biyar sun isa.

Kai takardar shi ne inda ake faɗuwa. A yi kwafi biyu, a nufi rajista, ba ofishin wani babba da kuka sani ba. Za ka tarar da magatakarda a bayan tarin fayil, zai karanta kan takardar, ya ɗago ya dube ka.

"Baba, wannan ai sai Oga ya gani tukuna. Ku bar ta, ku dawo jibi."

"To, Malam, Allah ya kai mu. A dai buga mini hatimi a wannan, a sa kwanan wata da hannu, don in nuna wa jama'ar da suka aiko ni."

Ka faɗa da murmushi, ka ci gaba da tsayuwa. Ba abokin faɗanka ba ne, albashinsa bai kai na wanda ya sa hannu a cinikin ba, kuma watarana shi zai raɗa maka teburin da fayil ɗinka ya maƙale. Amma kada ka fita ba hatimi, don daga ranar da ke jikinsa kwana 7 ke fara ƙirguwa. In an ƙi karɓa ƙememe, a aika ta kamfanin kai saƙo mai ba da shaidar isarwa, a adana shaidar.

In kadara aka sayar

Ni ba na cikin masu cewa kada gwamnati ta taɓa sayar da komai. Gidan gwamnati da ya zama kangon jemagu gara a sayar a yi aji da kuɗin. Abin da ake bi shi ne yadda aka yi cinikin. Wa ya ƙiyasta darajar, kuma yaushe? A wace jarida aka tallata? Mutum nawa suka taya? Dokar Sayen Kayan Gwamnati ta 2007 ta sa gasa a fili ta zama hanyar farko ta rabuwa da kadarar tarayya, jihohi kuma suna da nasu dokokin masu kama da ita, sai ku nemi ta jiharku ku karanta sashen. In fili ne, ku nemi bayanin zaman kwamitin rabon filaye wanda dokar 1978 ta ce a kafa a kowace jiha, da taswirar unguwar ta asali. A taswirar ne za ku ga ko an ware wurin don makaranta, maƙabarta, filin wasa ko hanyar ruwa, sannan ku tambayi takardar da ta sauya masa manufa.

Sai maganar kuɗi. Sashe na 120 na Kundin Tsarin Mulki ya ce kuɗin da jiha ta samu asusunta na bai ɗaya za su shiga, kuma ba a fitar da su sai da amincewar majalisa. Don haka kuɗin ciniki dole su bar sawu a rahoton Babban Akanta na shekarar. In an ce an sayar da gidaje hamsin amma layin kuɗin sayar da kadarori na wannan shekara bai kai kuɗin gida biyar ba, kun sami tambayarku ta gaba.

Yanzu an fi yayin abin da ake kira haɗin gwiwa da 'yan kasuwa. A takarda ba a sayar ba: gwamnati ta kawo fili, ɗan kasuwa ya kawo gini, a raba shaguna. Nan ne ido ya kamata ya fi buɗewa, don in aka karya darajar filin tun farko, rabon gwamnati ya ƙanƙance ba tare da kowa ya ga kuɗi sun motsa ba. Ku nemi yarjejeniyar kanta: shekara nawa, kashi nawa, shagunan da suka zama na gwamnati wa aka ba haya. Sunan kamfanin kuma ku sa shi a shafin binciken Hukumar Rajistar Kamfanoni, CAC, ku ga ranar da aka yi masa rajista. Tun 2023 hukumar ta buɗe rajistar da ke nuna ainihin masu juya kamfani. Kamfanin da aka haifa wata biyu kafin a ba shi fili a tsakiyar birni, ko ba a ce komai ba ya isa a sake dubawa.

Mu Kanawa mun ga ƙarshen irin wannan da idonmu. A Yunin 2023, kwanaki kaɗan da rantsar da Gwamna Abba Kabir Yusuf, aka shiga rushe gine-ginen da gwamnatin Abdullahi Ganduje ta ba da izininsu a filin sukuwa, Otal ɗin Daula, sansanin alhazai da Masallacin Idi. 'Yan kasuwar filin Idi suka je Babbar Kotun Tarayya, ta yanke a biya su diyyar naira biliyan 30, daga baya aka sasanta a kan biliyan 3. Ko wane ɓangare mutum yake a siyasa, lissafin ɗaya ne: daga baitulmalin jama'a diyyar za ta fito. Lokacin da ya dace a matsa a ga takardu shi ne ranar da aka kafa tubalin farko, kafin wani ya zuba jarinsa.

Kada kuma a manta da alƙawuran bayan ciniki. Da aka miƙa kamfanonin rarraba wutar lantarki ga 'yan kasuwa a Nuwamban 2013, gwamnati ta riƙe kashi 40, masu saye kuma suka sa hannu a kan rage asarar wuta da raba mita cikin shekara biyar. Duk cinikin da aka ce an yi da sharaɗin za a gina kaza ko a ɗauki ma'aikata kaza, ku nemi sharaɗin a rubuce da ranar cikarsa.

Kuɗin tare ambaliya

Akwai kuɗin da aka ware musamman don wannan, Asusun Kula da Muhalli, wanda aka kafa tun 1981. Daga asusun tarayya ake cirewa duk wata: kashi 1 cikin ɗari na gwamnatin tarayya, 0.72 na jihohi, 0.60 na ƙananan hukumomi. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tana wallafa rabon arzikin ƙasa na kowane wata a shafinta na intanet, kuma a teburin jihohi akwai layin wannan kaso. Ku tara na wata goma sha biyu, ku riƙe adadin. Rabon ƙananan hukumomi ya daɗe yana bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha. Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba su kai tsaye a hukuncinta na 11 ga Yulin 2024, sai dai aiwatarwar ta zo da jan ƙafa, saboda haka ku aika tambayar wuri biyu, sakatariya da ma'aikatar ƙananan hukumomi.

Sai a buɗe kasafin kuɗin jiha. Tun da aka yi shirin nan na Bankin Duniya mai suna SFTAS, wanda ya fara a 2018 yana ba jihohi tukuici in sun bayyana lissafinsu, yawancin jihohi suna sa kasafinsu da rahoton aiwatar da shi na kowane wata uku a intanet. Fayil ne mai ɗaruruwan shafuka da Turanci, kada ya firgita ku. A wurin bincike ku rubuta sunan unguwarku, ko kalmomi irin su drainage, flood da erosion. Abin lura, adadi uku ne daban-daban: abin da majalisa ta amince, abin da aka saki, da abin da aka kashe. Ɗan siyasa na farkon yake faɗa a taro. Ku na ukun kuke nema, sannan ku je ku ga ko yana ƙasa.

Zuwa wurin aikin ba ya buƙatar injiniya, ko da yake in akwai birkila a cikinku ku tafi da shi. Ku riƙe tef ɗin awo. In takardar kwangila ta ce mita 800, ku auna. Ku leƙa ƙasan lambatun ku ga an zuba kankare ko bulo aka jera aka shafe da siminti. Ku duba rodi ta inda bakin ya fashe. Abin da ya fi komai, ku bi shi har ƙarshe ku ga inda yake zubar da ruwan. A wata unguwa kusa da mu an yi lambatu mai kyau, an shafa masa fenti baƙi da fari a bakin titi, amma da muka bi shi sai muka tarar ya ƙare a jikin katangar wani gida. Ruwan layi uku yake tarowa ya sauke wa mutum ɗaya. A takarda aikin ya kammala ɗari bisa ɗari.

Na fi damuwa da kuɗin gyara a kan na sabon gini, don sabon gini yana da bikin buɗewa, yashe kwata kuwa ba mai yanka masa kyalle. Madatsar Alau da ke kan kogin Ngadda ta ɓalle a daren 9 wayewar 10 ga Satumban 2024, ruwa ya mamaye Maiduguri da Jere, ya shiga fadar Shehu, Kasuwar Monday, asibitin koyarwa, gidan yari da gidan namun daji. Shekara 30 kafin nan, a 1994, madatsar ta taɓa jawo wa garin ambaliya. Bayan ɓarnar ne aka amince da naira biliyan 80 don sake gina ta. Duk mai zaune a ƙasan wata madatsa yana da haƙƙin ya nemi rahoton duba lafiyarta na ƙarshe, da ranar da aka yi shi, da abin da aka kashe a gyaranta cikin shekara biyar. Mutanen Haɗeja, Auyo da Ringim kuma tambayarsu ta haɗa da jinga da cire ciyawar kacala da ke toshe kogi: injin nawa aka saya, suna ina, wa ke zuba musu mai. Na bakin Binuwai sun san labarin madatsar Lagdo ta Kamaru, wadda aka gama a 1982, da madatsar Dasin Hausa a Adamawa da aka ce za ta tare ruwanta, har yau ba a gina ba. A ambaliyar 2022 sama da mutum 600 suka rasu a faɗin ƙasar.

Kayan agaji ma a bi su, amma kada buhun shinkafa da katifa su ɗauke muku hankali daga tambayar jinga.

Rasit

A nan zan yi magana a matsayin wanda ya riƙe littafin. Talakan Kano bai manta da haraji da jangali ba, da irin wulaƙancin da aka sha kafin Abubakar Rimi ya soke su a 1979, kamar yadda Balarabe Musa ya yi a Kaduna. Shi ya sa in an ce harajin gida, jikin mutane ke yin sanyi. Amma yana dawowa, don kowace jiha na neman kuɗin shiga na cikin gida, kuma hukumomin taswirar filaye irin su KANGIS a Kano da KADGIS a Kaduna suna sa gidaje cikin kwamfuta ɗaya bayan ɗaya.

Ku bambance abu biyu. Kuɗin ƙasa na shekara-shekara na jiha ne, yana kan mai shaidar mallaka. Harajin gini na ƙaramar hukuma ne, bisa ƙimar da majalisar jiha ta tsayar. Legas ta haɗe su wuri ɗaya tun 2001, wasu jihohin ma sun bi, don haka ku tambaya ko taku ta haɗe, kada a karɓa sau biyu da suna biyu. Takardar neman biya ta gaskiya tana ɗauke da adireshin gidan, shekarar da ake nema, darajar da aka yi wa gidan, dokar da aka dogara da ita, da asusun gwamnati da za a biya. In babu darajar, ku tambayi yadda aka kai ga adadin. In gidan ƙasa mai ɗaki uku aka yi wa kuɗin bene, a rubuta ƙorafi da wuri, don irin waɗannan dokoki suna ba da wa'adi ne gajere.

Kada a ba kowa kuɗi a hannu. Na san yadda ake yi da littafin rasit mai kabon: a zura ɗan kwali tsakanin farar takarda da ta ƙasa, a rubuta maka naira 5,000, ka tafi da taka, sannan a cire kwalin a rubuta 500 a wadda za ta koma ofis. Akwai kuma littafin da aka bugo a kasuwa, wanda lambobinsa ba sa cikin rajistar ma'aji sam. A biya a banki ko ta lambar biya ta hukuma, a karɓi rasit mai lamba, a ɗauki hotonsa a ranar, don tawadar na'ura tana gogewa kafin shekara.

Wasu na cewa a ƙi biya har sai an ga aiki. Ban goyi baya ba. Wanda bai biya ba, da ya buɗe baki za a ce ya fara kawo rasit, magana ta mutu. Abin da muka yi shi ne bin gida-gida muna rubuta lambar rasit da adadin, ba tare da sunan kowa ya fita daga littafin ba, muka tara jimillar layukanmu. Sai muka rubuta wa ƙaramar hukuma muna neman adadin harajin gini da ta rubuta ta karɓa daga mazaɓarmu a shekarar, da abin da ta kashe a magudanai da shara a mazaɓar. In jimillar layi huɗu ta fi abin da aka rubuta wa mazaɓa sukutum, ba sai kun zargi kowa ba, adadin biyu kawai za ku ajiye. Masu gidajen awon igiya sukan ji tsoron shiga wannan lissafi, suna ganin tona kai ne. Ku bar su su shigo a hankali, kuma kada a sa lambar gidan kowa a takardar da za ta fita.

In an yi shiru

Sau da yawa za a yi shirun. A doka, wucewar wa'adi ba amsa daidai yake da hanawa, kuma kuna da kwana 30 ku garzaya babbar kotu. In kotu ta tabbatar an hana ba bisa ƙa'ida ba, akwai tarar naira 500,000. Kafin kotu, ku aika tunatarwa mai ɗauke da kwafin hatimin farko, ku ba da kwafi ga Babban Mai Binciken Kuɗi na jiha da kwamitin kula da asusun jama'a na majalisar dokoki. Sashe na 125 na Kundin Tsarin Mulki ya ɗora wa mai binciken kai rahotonsa majalisa, sashe na 128 kuma ya ba majalisa ikon bincike. Rahoton nan nasa, wanda kusan ba mai karantawa, cike yake da kwangilolin da aka biya ba a yi ba, ku duba ko naku na ciki. Ɗan majalisarku ma a kai masa a rubuce, a ofis, ba a wurin ɗaurin aure ba.

In takardu sun nuna an ci kuɗi, hukumar yaƙi da cin hanci ta tarayya, ICPC, tana karɓar ƙorafi, a Kano kuma akwai hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da cin hanci ta jiha. Ƙungiyoyi irin su Tracka ta BudgIT da Follow The Money sun saba da bin ayyuka, suna kuma da lauyoyi da 'yan jarida a kusa. Yanzu ne lokacin rediyo ya yi, da takarda a hannu. Wanda zai yi magana ya karanta abin da ke rubuce kawai: ranar da aka kai, abin da aka nema, kwana nawa ke nan. Kada ya kira kowa ɓarawo, a rediyo ko a Facebook ko a zauren WhatsApp, don ƙarar ɓata suna za ta mayar da ku masu kare kai. A sa hannu da sunan ƙungiya, mutum uku ko huɗu, har da mace, tunda mata ne ke kwana kwalfar ruwa in ya shigo. Ɗan adawar da ya zo da tayin biyan kuɗin lauya a yi masa godiya a sallame shi, in ba haka ba gobe za a ce aiko ku aka yi.

Lokaci kuma yana da muhimmanci. Gwamnoni sukan kai kasafin sabuwar shekara majalisa tsakanin Oktoba da Disamba, kuma a nan ake zaman jin ra'ayin jama'a, don haka buƙatar sabon lambatu ko jinga ta isa kafin nan, da hoto da awo. Hasashen damina na hukumar kula da yanayi, NiMet, yana fitowa a farkon shekara, na ambaliya daga NIHSA, hukumar da ke lura da ruwan koguna, kuma yakan biyo baya kafin ruwa ya sauka, yana lissafa ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari. In taku na ciki, ku maƙala shafin a jikin takardarku. Takardar neman a yashe magudanai ta fita a Fabrairu ko Maris, tunatarwa a Afrilu, don in Yuni ya shiga ba a sa shebur ba, sai dai ku tara kuɗin buhu da yashi a tsakaninku, ku rubuta abin da kuka kashe a littafin, ku haɗa shi cikin takardar Oktoba.